Hajjo ta Gidan Mushe

Duk wanda ya tashi a tsohon ƙauyen Challawa ya san Hajjo mai ƙosai, ya kuma san ba a kiran sunan gidansu a gabanta. Soron ƙasa ne mai kaurin bango da tagogin katako, ana ce masa Gidan Mushe. A ciki aka haife ta, da mijinta ya rasu kuma nan ta dawo da 'ya'yanta. Tun tana yarinya ake tsokanarta wai kakanta mushen dabbobi yake feɗewa. Da kamfanonin jima suka kewaye ƙauyen da warinsu, sai zancen ya ƙara zama. Abin yana ci mata rai, amma tana son gidan kamar me.

Bara babban ɗanta Sagir ya ce a rushe shi a gina shaguna, kowa ya huta da gori. Hajjo kuwa ba ta da abin da za ta kare gidan da shi.

Wata safiya Mamman, wani ma'aikacin fata ɗan Damagaram, ya tsaya sayen ƙosai ya ji ana zancen.

"Inna, ku gafarce ni," in ji shi. "Ai a wajenmu Mushe kamar Malam yake, da shi ake kiran Bafaranshe. Tagogin nan ma irin na tsoffin gidajen garinmu ne."

Hajjo ta sauke kasko, ta nufi wajen Malam Idrisu, wanda ya fi kowa tsufa a ƙauyen. Ya ce haka ne, wani Bafaranshe mai sayen fata ya gina shi, da zai tafi ya bar wa kakanta, wanda ke masa aiki, don amanarsa.

"Malam, me ya hana ku faɗa tuntuni?"

"To, wa ya tambaye ni?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta yi ta godiya ga Allah. Mai unguwa ya gayyato malaman tarihi, suka zagaya, suka ɗauki hotuna, suka roƙi kada a taɓa ginin. Sagir dai bai janye maganar rushewar ba, wannan kuwa ya fi komai damun Hajjo.

Ana gab da damina sai ga shi da buhunan ƙasa a bayan mota, ya naɗe ƙafar wando.

"Inna," ya ce, "ta ina yake yoyo?"