Kwamandan Kargo na Naif

A shekarata ta biyu a Dubai ina aikin rubuta lambobin kwantena a wani sito da ke Jebel Ali. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan wuce unguwar Naif, shagon wani Alhaji ɗan unguwarmu mai sarin takalma. Mukan kai mu goma a kan tiren shinkafa, kuma a kan kujera ɗaya tilo da ke shagon wani mutum ke zama, wanda kowa ke kira Kwamanda.

Dillalin kargo ne, dogo mai tumbi, kullum cikin farar shadda, wai farin kaya ya bi jikinsa tun yana sojan ruwa. Bai taɓa barin mu ci abinci cikin natsuwa ba. Zai jera ƙasusuwan kaza a gefen tire ya ce wannan rundunar yamma ce a Legas, wannan ta gabas a Kalaba, ga ta tsakiya. Zai ce tun zamanin Turawa aka fara da 'yan jiragen gadin tashar ruwa, shi da abokan aikinsa ne suka mayar da abin runduna.

"Ku Kanawa me kuka sani game da ruwa, in ba na rijiya ba?"

Sai a yi dariya, a ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Manyan 'yan kasuwa masu gemu suna miƙa masa kayansu don wai ya san teku, kamar shi zai tuƙa jirgin. Ni ma ban fi su ba. Har a wurin aiki nakan maimaita wa Indiyawa maganganunsa.

A masallacin tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali na haɗu da wani dattijo Banufe, gajere, marar yawan magana, mai kula da inji a ɗaya daga cikin ƙananan jiragen da ke jan manya zuwa bakin tasha. Baba muke ce masa. Da hira ta yi nisa ya ce ya haura shekara ashirin a rundunar ruwa kafin ya yi ritaya. Murna ta kama ni, na matsa masa sai da ya bi ni Naif, ina ganin zan haɗa 'yan uwa biyu.

Ranar Kwamanda yana ba da labarin yadda ya kori ɓarayin mai, har harsashi ya wuce ta gefen kunnensa. Baba yana cin shinkafarsa. Da aka gabatar da shi, ya goge hannu ya ce, "Yallaɓai, a wane jirgi ka yi aiki?"

"Wannan sirrin aiki ne."

"To. Su wa kuka yi horo tare?"

Sai Kwamanda ya zaro waya ya nuna hoton da duk mun haddace: shi a kan jirgin yaƙi, da farar hula. Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Wannan ranar da ake buɗe wa jama'a jirgi ce su hau su gani," ya ce a hankali. "Hular ta ƙaramin hafsa ce. Ga mai ita nan a gefe, kansa ba komai, yana jira a ba shi."

Muka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Akwai shi kuwa, rabin fuskarsa a bakin hoton. Wata nawa muna kallon hoton nan, ba wanda ya lura. Kwamanda ya kara wayar a kunne ba tare da ta yi ƙara ba, ya ce, "Yalla," wato mu je da Larabci, "ga ni nan," ya fice.

Na ɗauka shi ke nan, asirin Kwamanda ya tonu. Amma da aka watse, ni Alhaji ya tsare.

"Kai yaro ne har yanzu. Ka kawo baƙo ya tsinka mutum a gaban jama'a. Wa ya ce maka ban sani ba? A da can garin kwaki da manja yake kai wa kantin barikin sojan ruwa. To sai me? Khalas, magana ta ƙare."

Juma'a ta gaba Kwamanda ya dawo kujerarsa. Ya ce Baba bakanike ne kawai, mutanen ƙasan jirgi ba sa sanin manya. Kowa ya gyaɗa kai. Ba wanda ya tambayi ko Baba zai sake zuwa, kuma bai sake ba.

A motar ma'aikata na ba Baba haƙuri, na tambaye shi yadda aikin sojan ruwa yake. Ya ce yawancinsa kankare tsatsa ne da fenti, sai sintiri na makonni ana gadin masunta da bututun mai, a ɗakin inji mai zafin da gumi ke cika takalmi. Kunnensa na hagu a can ya mutu, shi ya sa yake juyo min da na dama.

Bayan Babbar Sallah Baba ya koma gida. Kwamanda kuwa, da 'yan kasuwar suka kafa kwamitin tsaro, shi suka ba shugabanci, ba hamayya.