Sifikar Kamfani Ta Sa Na Sauke Doya

Jama'a, yau rediyon mota ya sa na sauke doya a titi!

Na yi shatar fikof ɗin Malam Bala daga Garam zuwa kasuwar Suleja. Ya kunna rediyo, sai cika baki yake: "Hajiya, ji sauti! Na kamfani ne!"

Can sai ƙara, gar-gar-gar! Ya ce, "Innalillahi, lodi ya karya wani abu!"

Muka sauke doyar kaf a rana, kasuwa na can tana ci. Ya bar motar a kunne, ya shige ƙarƙashi yana neman ƙarar. Aka kira ni a waya, na kashe rediyon in amsa. Tsit! Ashe sifikar ƙofa ce ke karkarwa!

Ya fito duk baƙin mai: "Amma fa ta kamfani ce."

Na ce, "To kira kamfanin su zo su loda min doyata!"