Bugun Taɓaryar Inna

Ranar wata Asabar ce, sati biyu bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji uku na firamare. Ina zaune a gindin dabinon gidanmu a Limawa ina ɓarar gyaɗa da hantsi, sai na jiyo daka daga gidan maƙwabciyarmu Gwaggo Talatu, inda ake shirin suna washegari. Taɓarya ta sauka sau uku a cikin turmi, sannan ta doki bakinsa sau biyu, ƙwas-ƙwas. Hannuna ya tsaya cak a cikin kwano. Wannan bugun Inna ne, mahaifiyata, wadda a lokacin ta shekara guda da barin gidanmu. Na kasa kunne, aka sake, aka kuma sakewa. Sai na sunkuyar da kai na ci gaba da ɓarar gyaɗata.

Ni ce 'yar fari, Inna kuwa mutuniyar wani ƙauye ce a wajen Miga, mai tsananin alkunya. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, a gaban mutane ma ko kallona ba ta cika yi ba. Idan tana so na zo, bakin turmi take doka. Ko ina tsakiyar 'yar carafke a ƙofar gida, ko ina ba awaki dusa, da na ji ƙwas-ƙwas ɗin nan zan watsar da komai in ruga. Wani lokaci aike ne, wani lokaci kuma ɗan dunƙulen gumba za ta ajiye a gefen faifai, ta kau da kai kamar ba ita ta ajiye ba. Iyakar hirarmu ke nan, kuma ta ishe ni.

Da aurensu da Baba ya mutu ta koma gidan iyayenta, aka bar ni wajen Kaka, mahaifiyar Baba. Kaka ba ta rage ni da komai ba, amma gidan ya yi mini faɗi. Daga nan kunnena ya fara yi mini tsiya. Ruwan indararo ya ɗiga a bokiti, in ji bugun Inna. Kafinta ya buga ƙusa a bayan makarantarmu, in miƙe zumbur a cikin aji. Duk gidan da aka ɗaga taɓarya a unguwar sai na faɗa ba sallama, ƙafa ba takalmi, in tarar da wata mata daban tana kallona baki buɗe. Yara suka laƙaba mini Mai Bin Turmi, har waƙa suke yi mini a hanyar islamiyya. Ranar da na bar wa Kaka tukunyar wake a wuta ta ƙone ƙurmus, ba ta doke ni ba. Zaunar da ni ta yi ta ce, "Kunnenki ƙarya yake miki, 'yar nan. In kin ji, ki ƙirga goma, zai wuce." Ni kuwa akwai taurin kai, in na sa abu a gaba sai na ga bayansa. Na yi ta ƙirga goma wata da watanni, har bugun ya fara dusashewa, yaran ma suka gaji suka ƙyale ni.

Saboda haka ranar Asabar ɗin nan ƙirge na kama. Na kai goma bai wuce ba, na sake sabon lale, na yi ta yi har dakan ya tsaya. Har daɗi na ji a raina, wai na ci nasara.

Washegari a wajen suna Gwaggo Talatu ta jawo ni bayan ɗaki, ta tambaye ni ina na shiga jiya. Ashe Inna ce ta zo barka a motar safe. Gidan Baba ba na shigarta ba ne kuma, kuma ba za ta iya buɗe baki a cikin taron mata ta ce a kira mata 'yarta ba. Sai ta karɓi taɓarya a hannun wata yarinya, tana baƙuwa, ta hau daka. Hidima ta ɗauke hankalin kowa, sai da ta yafa mayafi za ta bi motar azahar sannan Gwaggo ta gane abin da take yi. "Gero har ya wuce yadda muke so tana daka," in ji Gwaggo, "idonta na kan ƙofa." Ta miƙo mini gumba a ƙulle a leda. A shekarar Inna ta yi aure can nesa, a damina ta biyu da auren ta rasu wajen haihuwa. Ban ƙara ganinta ba.

Yanzu ina koyar da ilmin halittu a wata sakandaren 'yan mata a nan Dutse. A jami'a a Kafin Hausa na fara karanta cewa ba kunne kaɗai ke aika saƙo sama zuwa ƙwaƙwalwa ba. Ita ma ƙwaƙwalwa tana mayar da nata saƙon ƙasa, ta ƙara wa abin da take jira ƙarfi, ta danne wanda ta yanke cewa ba kome ba ne. Kewa ce ta sa na riƙa jin Inna a cikin ɗigar ruwa, horon da na yi wa kaina kuma shi ya zaunar da ni ranar da ta zo da gaske. Ina zana wa ɗalibaina wannan a allo da kibiyoyi, wasu sama wasu ƙasa, su kwafa su ci jarrabawa, ban taɓa gaya musu inda na fara sanin darasin ba.

Yau a Limawa sai ka wuni ba ka ji taɓarya ba, inji ya karɓe aikin, yara kuma a waya ake kiransu. Ina kewarta har yanzu, kuma ilmin bai rage mini komai ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu ranar, kuma na ji ta sarai.