Minti Shida a Kan Gada

Shekara talatin da uku Baba Minti ya yi a ofishin tsara zirga-zirgar jiragen ƙasa, a wani ɗaki da ke saman babbar tashar garinsu. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma ba layin dogo take kallo ba, bayan wani gareji take kallo. Aikinsa shi ne ya shimfiɗa farar takarda mai cin rabin tebur, ya ɗauki rula da fensir kala uku, ya yi ta jan layi: ja na jirgi mai sauri, shuɗi na mai tsaye-tsaye, baƙi na jirgin kaya. Idan layi biyu suka gamu a inda bai kamata ba, to can a wani daji jirage biyu za su yi cirko-cirko suna kallon juna. A duk tsawon aikinsa ba a taɓa samun haka daga teburinsa ba.

Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, saboda bakinsa bai iya cewa "wajen ƙarfe huɗu" ba. Ko shayi ka gayyace shi, sai ya tambaye ka huɗu da minti nawa. Ya san sunan kowace tasha a kan layin, ya san tsawon dandamalinta da inda jirgi ke rage gudu kafin ya shige ta, amma shi kansa bai taɓa wuce tasha ta uku daga gida ba. Lokacin hutun bazara, sa'ar da kowa ke ɗaure kaya, shi ne lokacin da ake ƙara jirage, shi kuma yake kwana da tashi a kan takarda. Matarsa, wadda kowa ke kira Umma, ta raini 'ya'ya biyar a gidan ma'aikata da ke bayan tasha, har ta kai tana gane jirgi da ƙararsa. Yakan dawo gida ta tare shi da, "Malam, na sha biyu da kwata ya makara yau." Sai ya ɓata rai kamar ɗansa aka zaga.

Da ya yi ritaya, aka ba shi takardar sallama ta tsofaffin ma'aikata: tafiyar kwana biyar a jere, shi da iyalinsa mutum ɗaya, duk inda layi ya kai, a cikin hutun bazarar shekarar. Sau ɗaya ake bayarwa.

Mako uku teburin cin abinci yana hannunsa. Ana cin abinci a kan cinya, shi yana jan layi. Ranar da ya gama, ya tara masu sauraro, wato Umma da autarsu, ma'aikaciyar jinya, wadda ta leƙo gida ranar hutunta. Gari huɗu a kwana biyar. Da farko Mahada, inda layi bakwai suka haɗu, wurin da ya fi shekara talatin yana zanawa bai taɓa taka shi ba. Daga nan garin bakin teku, sai garin da jirgi ke ratsa dutse. Rana ta huɗu su dawo Mahada su canja jirgi zuwa garin Yaya, rana ta biyar gida.

Yaya ita ce yayar Umma, ita ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shekara tara rabonsu da juna. Yanzu idanun Yaya sun dushe, ba ta iya tafiya, kuma duk wayar da za su yi da tambaya ɗaya take ƙarewa: yaushe?

"Mu sauka Mahada sha ɗaya da talatin da takwas, layi na biyu," in ji Baba Minti, yana bin layin da bakin fensir. "Mu haura gada. Jirgin garin Yaya na layi na biyar, sha ɗaya da arba'in da huɗu."

"Baba, minti shida ke nan fa," in ji Auta.

"Madalla. Ashe lissafin bai zube ba."

"In kuka rasa shi?"

"Sau ɗaya yake tashi a rana. Amma ba a rasa shi. Shida ƙa'ida ce, tana cikin littafi."

"In kuka rasa shi, Baba, washegari takardar ta ƙare. Ba Yaya ke nan."

"Na ce ba a rasa shi."

Umma tana gefe tana ninke wanki, ba ta ɗago ba. "Malam, a wurin Yaya awa nawa za mu yi?"

"Sha tara da minti goma. Har da barci."

"Har da barci," ta maimaita, ta ɗora riga a kan 'yar uwarta.

Da Auta za ta tafi, ya raka ta bakin ƙofa. Ta tsaya tana neman makullin babur ɗinta a jaka, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baba, yaushe rabonka da ka ga tafiyar Umma?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Jiya ma tare muka je kasuwa."

"Kana gaba tana baya. Kullum haka kuke, kamar inji da tarago. Ka taɓa juyowa?"

"'Yar nema, ni za ki koya wa aikina?"

"Ni gwiwa na sani, Baba. Jirgi naka ne."

Maganar ta tsaya masa a rai. A ofishinsu akwai doka guda da ba ya wasa da ita: jadawali ba ya fita sai an gwada shi da ƙafa. Ya kuma san gadar tasharsu da ta Mahada zane ɗaya ne, matakala talatin da biyu hawa, talatin da biyu sauka, don ya sha ganin takardun gininsu. Saboda haka ranar Asabar da hantsi ya ɗauko tsohon agogon gwajinsa mai maɓalli a ka, ya cika jakar tafiya da littattafai don ta yi nauyin gaske, ya ce Umma ta shirya.

"Ni ce jirgin ko ni ce fasinjar?" ta tambaya da suka tsaya a layi na biyu.

"Fasinja. Jirgi ya tsaya, ƙofa ta buɗe. Bismillah."

Ya danna agogo, ya saɓi jaka, ya kama matakala. Ƙafarsa ta san gadar nan. Ya ratsa mutane, ya sauka a layi na biyar, ya duba: minti uku da daƙiƙa hamsin, ga jaka ga shekaru. Har ya fara murmushi. Sannan ya juyo.

Umma tana kan matakala ta sha huɗu a wancan ɓangaren. Hannunta na dama ya riƙe ƙarfen gefe tamau. Sai ta ɗora ƙafar dama, ta tsaya, ta jawo ta hagu ta ajiye kusa da ita, ta sake. Duk matakala uku sai ta dakata ta yi kamar mayafinta take gyarawa, ta bar na baya su wuce. Wata mata mai goyo ta ce mata wani abu, ta girgiza kai tana murmushi. Baba Minti ya ajiye jakar. Ya ga allurar agogo ta haura biyar, ta taɓa shida, ta wuce. A zuciyarsa ya ji an busa usur, ya ji an rufe ƙofofi. A lokacin Umma ko saman gadar ba ta kai ba.

Saukar ta fi hawan wuya. Da ta iso, goshinta ya jiƙe, ta dafa ginshiƙi.

"Nawa?"

"Agogon nan ya daɗe a ajiye, ina jin..."

"Malam. Shekara arba'in ban taɓa jin ka yi wa agogo ƙarya ba. Kada ka fara a kaina."

Ya sunkuyar da kai. "Sha uku da daƙiƙa ashirin."

"To ka gani. Jirgin Yaya har ya kai tasha ta gaba."

Suka zauna a kan benci. Wani jirgin kaya ya shige, suka jira ƙararsa ta lafa.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na ga yadda kake kallon takardar nan. Shekara talatin kana tura mutane Mahada, kai kana kallon gareji. Na ce a raina in ranar ta zo zan daure in yi sauri."

"Da wace gwiwar?"

"Da wadda ta rage."

Bai yi dariya ba. Ya juya agogon a tafin hannunsa, can ya ce, "Kin san wa ya auna shidan nan? Ni ne. Ina da shekara ashirin da takwas, sabon zuwa, aka ba ni agogon nan aka ce in haura gadar nan. Hannuna babu ko jarida. Na yi minti huɗu. Na ƙara biyu, wai ni mai tausayi. Aka sa a littafi, aka raba wa duk tashar da ke da irin gadar."

"Ba wanda ya taɓa kuka?"

"Akwai durowa guda ta wasiƙu. Ina da hatimi, in buga: fasinja ya makara." Ya dubi gadar. "Akwai wata da ta rubuto ta ce tana saman gada ta hangi jar fitilar bayan jirgin tana tafiya. Wurin haihuwar 'yarta za ta. Na tuna har na nuna wa na kusa da ni, na ce mutane ba sa son tafiya da sauri."

Umma ba ta ba shi haƙuri ba, ba ta kuma ƙara masa ba. Ta miƙa ƙafar hagu tana murza gwiwar. "Tashi ka nemo mana hanyar fita wadda ba ta bi ta sama," ta ce. "In kuma babu, a nan zan tare."

Kwana biyu ya yi yana juya takardar. Ya cire garin teku, ya cire na dutse, ya mayar, ya sake cirewa. Duk hanyar da ta bi ta Mahada sai ta haura gada, jirgin garin Yaya kuma ba ya jiran kowa, don shi da kansa ya tsara shi haka. Hanya ɗaya ta rage, kuma ya san ta tun ranar farko, kawai dai bai so ya kalle ta ba. Akwai wani jirgi da ke bin tsohon layi daga garinsu kai tsaye zuwa garin Yaya, ba ya taɓa Mahada. Tasha ashirin da shida yake tsayawa, awa tara a hanya. A ofis Gaisau suke ce masa, wai ba ya wuce ko bukka bai tsaya ya tambayi lafiyar iyali ba. Yini guda zuwa, yini guda dawowa, kwana uku cur a gidan Yaya.

Ya goge jan layin gaba ɗaya, ya ja shuɗi guda biyu. Bai taɓa yin jadawali mai fili haka ba. Umma ta tsaya a kansa tana kallo.

"Ina Mahadar?"

"Tana nan inda take."

"Malam, ka ajiye ni wurin Yaya ka je ka gano abinka. Ba wanda zai sace ni."

"Na lissafa. Kwana biyu cikin ukun za su tafi. Kuma in Yaya ta laluba ta ji ba na nan, kin san bakinta."

"Tsoron Yaya ne ke nan, ba tausayina ba."

"Duk biyun," ya ce, ya hure ɓurɓushin robar gogewa daga takardar.

Ranar Talata suka je kama kujera. Mai ba da tikiti tsohuwar ɗalibarsa ce, shi ya koya mata karanta jadawali. Ta duba takardar, ta dube shi ta saman tabarau.

"Baba, Gaisau? Kai? Ai ta Mahada kun rage awa uku."

"Na sani, ni na rage su. Ba mu tarago na huɗu, kujerun kusa da ƙofar baya."

"Na biyu ya fi sanyi fa."

"A garin da za mu, dandamalin gajere ne, kuma ya ɗan yi tudu a tsakiya. Ƙofar bayan tarago na huɗu ce kaɗai ke tsayawa daidai da shi, mutum ya fito ba tsalle. Taku goma sai ƙofar fita."

"A ina aka rubuta wannan, Baba?"

"Ba a rubuta ba, a bakin direbobi na ji. Rubuta ki ajiye, akwai masu bukata." Ya zaro ambulan daga aljihu ya tura mata ta ƙasan gilashi. "Wannan kuma ki hau da shi sama, ki ba wanda ya gaji teburina. Ki ce na ce ya nemi tsohuwa mai jaka ya ba ta agogo, kada ya auna gadar da ƙafarsa."

"In ya ce littafi ya ce shida fa?"

"Ki ce wanda ya rubuta littafin ne ya aiko ki."

Umma tana zaune a bencin da ke gefen tagar, ta riga ta kira waya. Ta ɗaga murya saboda hayaniyar tasha.

"Yaya! Ranar Litinin in Allah ya yarda. A'a, ba kwana ɗaya ba. Uku. Uku na ce, Yaya, ban da ranar zuwa."

Ta kasa kunne. Sai ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, idanunta sun cicciko. Ta miƙo masa wayar.

"Me ta ce?"

"Wai in ba ka ta ji muryarka. Ta ce mutumin da ta sani ba ya kwana uku a gidan kowa, tana so ta tabbatar lafiyarka ƙalau."