Na ɗauki maganin hantata tarko ne

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ni magidanci ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ina aiki a wani kamfanin lemo a Challawa. Wuni nake a zaune gaban injin cika kwalabe, lemo kuma kyauta muke sha. Da rana taliya da mai, da yamma shayi da burodi. Teɓa ta fito, takalmi ma sai na zauna nake iya ɗaurawa, amma ni gani nake hutu ne ya karɓe ni.

Wata rana aka yi mana gwajin lafiya. Likitan kamfani ya kira ni gefe, ya ce kitse ya lulluɓe min hanta. Ya ba ni ƙwayoyin rage kitsen jini, ya ce su kaɗai ba za su wadatar ba, sai na haɗa da tattaki kullum, na kuma bar lemo. A makon ake ta raɗe-raɗin rage ma'aikata. Nan take zuciyata ta raya min cewa hujjar kora ake nema, a rubuta ni cikin marasa lafiya. Ban sha ko ƙwaya ɗaya ba.

Akwai abokin aikina, mutumin Nijar, wanda muke unguwa ɗaya a Zawaciki. Sai ga shi da safe a ƙofar gidana, wai mu bar babur mu taka zuwa aiki. Na tambayi kaina ina ya ji zancen. Na tuna na taɓa ganinsa yana fitowa daga ofishin likita, sai na yanke cewa ɗan kai rahoto ne. Na daina amsa gaisuwarsa, har na faɗa wa wasu su yi hankali da shi. Don na rame da sauri kafin gwaji na gaba, na sayi wani shayin rage ƙiba a bakin titi, marar ko suna a jiki, ina sha safe da yamma a ɓoye.

Bayan 'yan makonni idona ya yi ɗorawa, abinci ya gagare ni. A asibitin da aka kwantar da ni, wata likita da ba ta san kamfaninmu ba ta ce shayin ya ƙara wa hantar rauni, sannan ta maimaita duk abin da likitan farko ya faɗa. Da na koma aiki na tarar ba a kori kowa ba. A nan na ji cewa abokin nan nawa shi ma ciwon ya yi fama da shi, abin da ke kai shi wurin likita ke nan. Yanayina kawai ya gani ya gane. Kafin na warke ya ajiye aiki ya koma garinsu, ban samu na nemi yafiyarsa ba.

Yanzu ina shan magani, ina takawa zuwa Challawa kullum, hantar kuma tana samun sauƙi. 'Yan'uwa, in kuna shakkar maganar likita, ku je wurin wani likitan, kada ku je bakin titi. Kafin kuma ku kira mutum munafuki, ku tambaye shi. Ni ban tambaya ba.