Farin ruwan da na ɗauka ajalina ne

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko na daina ɗinki ne, ban daina ba, jinya na yi. Maza, wanda kunya za ta kama ya wuce, yau da mata nake.

Shekara uku ke nan da rasuwar Yaya Binta, wadda nake bi, a gidanmu na Kiyawa. Kansar bakin mahaifa ce. Ni na yi jinyarta a watanninta na ƙarshe, ni nake wanke mata zannuwa. Akwai wani wari a ɗakin nan da har yau yakan taso min haka kawai, in tsaya cak a tsakar gida ina shinshina iska.

Bayan arba'in na dawo gidana a Takur. Wata safiya na ga farin ruwa a wandona, mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Wallahi ba ranar na fara ganinsa ba, tun ina budurwa yake zuwa ya tafi. Amma ranar nan na tsaya ina kallonsa. Na tuna ita ma Yaya da ruwa ta fara. Na ce shi ke nan, na kwasa a wurin wanki.

Ba ƙaiƙayi, ba wari, ba ciwo. Ni kaɗai na yanke wa kaina hukunci.

Ban gaya wa mijina, Abban Nana, ba. In zauna ina yi wa Nana kitso, lokacin shekararta biyar, ina tunanin wa zai riƙe min ita. Har na fara ɗinka mata kayan da suka fi ta, na 'yar shekara bakwai, na 'yar tara, ina ninkewa ina ɓoyewa a akwati.

Asibiti kuwa na ƙi. A can aka gaya mana ciwon Yaya, kuma gani nake in ba a furta ba bai tabbata ba. Maƙwabciyata ta ce in kwantar da hankalina, sanyi ne, wace mace ce ba ta da shi? Na riƙe maganarta hannu bibbiyu. Na sha maganin mai mota da lasifika a kasuwa. Na tafasa bagaruwa na zauna a ciki. Na yi matsi da alimun. Sabulun kashe ƙwayoyin cuta kuwa har ciki nake wankewa da shi, sau uku a rana.

Fiye da shekara biyu ina wannan haukan.

Sai ciwo ya zo da gaske. Ruwan ya koma toka-toka, ga ƙarni, ga raɗaɗi in zan yi fitsari. Mara ta riƙe. Zazzaɓi ya rufe ni ina kan keken ɗinki, Abban Nana ya sa ni a adaidaita, ko ƙarfin musu ba ni da shi.

Kwana biyar na yi a gadon asibiti. Aka ɗebi jini da fitsari, aka sa auduga aka ɗebi ruwan, aka yi hoton mara. Allura safe da yamma. Tunkiyar da nake kiwo a magani ta tafi. Duk sanda aka turo ƙofa sai in ce ga shi an zo gaya min.

Likitar, wata mace mai gilashi marar yawan magana, ta sa na ba ta labari tun daga farko. Da na gama ta ajiye biro.

"Maman Nana, wancan ruwan na farko lafiya ce, jiki ne yake tsabtace kansa. Wankin ciki da matsin nan su suka buɗe wa cuta hanya."

Ta ce ba a ɗaukar cutar kansa a wankin zani. Bayan na warke aka yi min gwajin bakin mahaifa. Sati biyu ina jiran sakamako, abinci ba ya wuce min. Ya fito babu komai. Na yi kuka a barandar asibiti har wata tsohuwa ta fara ba ni haƙuri, ta zaci rasuwa aka yi min.

Ranar na gaya wa likitar yadda na Yaya ya fara: ruwa mai wari, da jini bayan kwanciyar aure, sama da shekara kafin a kai ta asibiti. Ta ce irin wannan ne ake garzayowa da shi, kuma in an zo da wuri ana samun nasara.

Ni Yaya ta fara gaya wa, a murya ƙasa-ƙasa, muna tsintar wake. Ni na ce mata sanyi ne. Ni na sayo mata jarkar magani da hannuna. Kuma da nawa ya zo, wurin mai maganin nan na koma, don tsoro ba ya barin mutum ya yi tunani. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai yau.

Alhamdulillah, na warke sarai. Allah ya saka wa likitar nan da ma'aikatan jinya da alheri, da Abban Nana da bai taɓa ce min me ya sa kika ɓoye ba.

'Yan'uwa mata, ruwa fari ko garai-garai, marar wari, marar ƙaiƙayi, mai ƙaruwa da raguwa cikin wata, ku ƙyale shi. Ku wanke waje da ruwa kawai, kar ku cusa komai. In ya canza launi, ko ya yi wari, ko ciwon mara ya biyo, ko jini ya zo ba lokacinsa ba, ku je asibiti a satin, ku nemi gwajin bakin mahaifa.

In kuma 'yar'uwarki ta ja ki gefe ta gaya miki nata, don girman Allah kar ki ce mata sanyi ne. Ki ɗauki mayafinki ki raka ta.

Ku sa min Yaya Binta a addu'a.