Shanyar Barkono a Filin Jirgi

Ni ban taɓa sha'awar tuƙi ba. Maigidana ne ya matsa mini. Direba ne, yana jigilar albasa daga Dapaong zuwa gidanmu na Zangon Sokodé, kuma mutum ne da ko sabulun wanke motarsa ba ya yarda wani ya taɓa. Da ya ce in zo ya koya mini, sai na ɗauka zolaya ce.

Da na bi shi ɗaukar albasa, ya kai ni wani tsohon filin jirgi a bayan Dapaong. Tsofaffi suna cewa lokacin yaƙin Turawa a nan ake koya wa samari tuƙin jirgin sama. Yanzu ciyawa ta cinye rabinsa. Sauran daɓen kuwa mata ke shanya masara da barkono a kai, 'yan koyon mota suna bin gefe. Dokar wurin ɗaya ce, duk wanda ya taka shanya shi zai durƙusa ya tsince da hannunsa.

Na sha faɗa kamar yaron mota. Ni ma ba na barin ta kwana, na ce masa waɗanda suka koyi jirgi a nan ma ba a yi musu wannan tsawa ba.

Wata rana da hantsi ya ce in ƙara wuta, gabana fili ne. Na hangi jan abu shimfiɗe, amma na ce a raina ai malam ya fi ni gani. Sai ji na yi taya na murƙushe barkono. Mai shanyar, wata dattijuwa daga Korbongou, ta taso tana faɗa da yarensu. Muka sauka muka durƙusa.

A nan na lura da hannunsa. Lalube yake yi, yana haɗa tsakuwa da barkono yana zubawa a ƙwarya. Dattijuwar ma ta gani, ta janye ƙwaryar a hankali. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya cika ni, don ya daɗe yana hawa tsaunukan hanyar Sokodé da waɗannan idanu.

Na ce, "Malam, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun kafin damina. In 'yan tasha suka ji, sun raba ni da motar."

Da muka gama na nufi ɗaya ƙofar don in bar masa kujerar direba kamar kullum. Na tarar har ya riga ni zama a can, ya ɗora hularsa a gwiwa.